Godiyata ga ikkilisiyar da ta ba ni makullin sito

Salama a gare ku 'yan'uwa, cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu.

Ranar Lahadin da ta wuce aka ɗora mana hannu, mu huɗu, aka keɓe mu dattawan ikkilisiya. Bayan sujada an miƙo mini makirufo in ce wani abu. Na tashi, na buɗe baki, maƙogwaro ya ƙi. "Na gode" kaɗai ya fita, na koma na zauna. Tun ranar abin yake damuna, domin bashin godiyar da ke kaina ya fi ƙarfin kalma biyu. To ga shi yau na zauna in biya abin da ya sawwaƙa.

Waɗanda suka zo garin nan ba da daɗewa ba, mai walda na bakin kasuwa suka sani. Tsofaffin unguwa kuwa sun san wani mutum dabam, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. A gidan Kirista aka haife ni, an yi mini baftisma ina saurayi, har ina buga ganga a ƙungiyar Sabon Rai. Daga baya na bi abokai. Sholisho na fara shaƙa, sai wiwi, sai maganin tari mai kodin, sai tramol. Sai a 2018 gwamnatin tarayya ta hana shigo da wannan maganin tari da sarrafa shi. A zamaninmu shiga kawai kake yi ka saya kamar ruwan leda. Shaye-shaye na cin kuɗi, ni kuma ba sana'a. Na sayar da akuyar mahaifiyata, na ɗebi hatsin gida, har wani dare na shiga fadama na ɗauke injin ban ruwa na maƙwabcinmu, a tsakiyar rani, lokacin da tumatirinsa ya fara fure. Kafin ya samu aron wani injin, gonar ta ƙone. An kama ni, alƙali ya ba ni shekara 2. A lokacin gidan yari ake ce masa, sai a 2019 doka ta mai da sunan gidan gyaran hali.

Godiya ta fari ga Allah ce, wanda bai bar ni na mutu a cikin wannan hali ba. Uku daga cikin waɗanda muke zama tare a kango suna ƙasa yanzu. Ban fi su da komai ba.

Mama, na gode. Ɗan kuka ya jawo miki jifa, kin sha maganganu a bakin rijiya da wurin niƙa, amma ba watan da ya wuce ba ki hau mota kin kawo mini ƙanzo da ƙuli-ƙuli ba. Na ga kin rufe fuska da gyale ranar Lahadi. Na san kukan da kike yi.

Ina gode wa 'yan'uwan da ke shigowa wurinmu kowace Asabar da sabulu da Littafi Mai Tsarki. Da farko don sabulun nake zuwa. Wani dattijo a cikinsu, Allah ya riga ya kira shi gida, shi ya buɗe mini Afisawa 4:28 ya ce in karanta da kaina. Ayar ta ce ɓarawo ya daina sata, ya yi aiki da hannunsa, domin ya sami abin da zai ba mai bukata. Na yi tsammani za ta tsaya a kan daina satar. Da na ga ta wuce har zuwa bayarwa, sai jikina ya yi sanyi. Ashe Allah yana da aikin da ya ajiye wa hannun nan da ya kwance injin mutane. Shi dai dattijon ne ya ba mu labarin Charles Colson, na hannun daman shugaban Amurka Nixon, wanda ya yi wata 7 a kurkuku saboda abin kunyar Watergate, ya fito ya kafa hidimar ziyartar fursunoni a 1976. Amma ayar ce ta bi ni har makwanci.

Yanzu bari in zo kan Baba Fasto, wanda ya yi ritaya amma ya yi doguwar tafiya da ciwon ƙafarsa don ya ɗora mini hannu.

Da na fito, bai rungume ni ya kai ni gaban bagade ba. Ya sa ni a horo. Shekara guda ina zaune a bencin baya, ba na cin Jibin Ubangiji, ba na taɓa ganga. Aikina shara da goge benci kowace Asabar da yamma. Shi ya kai ni wurin maigidana na walda, ya tsaya mini. Maigida, na gode da ka bar ni a shago da kayan aikinka alhali ka san tarihina, ka kuma yaye ni da injin walda na kaina.

Bayan an maido ni cikin zumunci, lokacin godiyar kaka ya zo. An tara masara da dawa da gyaɗa, buhu 43, waɗanda ake ciyar da gwauraye da marayu da masu bishara na ƙauye. A gaban dattawa Baba ya zaro makullin sito daga aljihu ya miƙo mini. Ɗakin ya yi tsit. Sai wani dattijo ya ce, "Baba, a yi haƙuri, amma ba a ba kura ajiyar nama." Baba ya ce, "Duk tiyar da ta ɓace, a cire a albashina." Na san nawa ne albashin nan, na kuma san yara nawa ke ci a ciki. A daren ban iya kwana a gida ba. Na ɗauki tabarma na shimfiɗa a ƙofar siton, kuma ba wani ɓarawo nake tsoro ba sai wanda ke cikin rigata.

An yi shekaru kafin na gane inda Baba ya samo wannan magana. Tana cikin wasiƙar Bulus zuwa ga Filimon, 'yar gajeriya, aya 25 kacal. Onisimus bawa ne da ya gudu daga gidan maigidansa, ya gamu da Bulus a kurkuku ya ba da gaskiya. Bulus ya mai da shi gida da takarda a hannu, ya ce a dā ba shi da amfani amma yanzu yana da shi, in kuma akwai abin da ya ci na Filimon, a rubuta a kan Bulus. Sunan Onisimus kansa ma'anarsa mai amfani. Haka Barnaba ya yi wa Bulus kansa a Urushalima, tun ana kiransa Shawulu, lokacin da almajirai duka ke tsoronsa, shi da ya taɓa tsayawa yana tsaron tufafin masu jifan Istifanas. Ya kama shi ya kai shi gaban manzanni. Ni dai a rayuwata haka alherin Allah ya iso gare ni, ta hannun mutumin da ya jingina abincin 'ya'yansa a kaina. Daga nan na fara fahimtar abin da Yesu ya yi a kan gicciye da bashin da ba nasa ba.

Akwai abin da ba kowa ya sani ba, kuma ba zan karɓi wannan kujera ina ɓoye shi ba. A shekara ta biyu da riƙe makullin, ƙarfe ya faɗo mini a ƙafa, na sayi tramol don zafi, sai na zarce. Kwana 9 ina sha. Ban taɓa hatsi ba, amma na ji tunanin ya fara zuwa. Na kai wa Baba makullin da kaina na faɗa masa. Ya karɓa, bai ce komai ba sai addu'a. Bayan wata 6 ya aiko a kira ni, ya karanta mini 2 Timoti 4:11, inda Bulus ya ce a zo masa da Markus domin yana da amfani a hidima. Markus ɗin nan shi ne ya gudu ya bar su a Bamfiliya, har Bulus da Barnaba suka rabu a kansa. Baba ya rufe littafin ya sake miƙo mini makullin.

Baba dattijo da ya yi maganar kura, ku nake so in gode wa da babbar murya. Gaskiya kuka faɗa, hatsin gwauraye ba abin gwaji ba ne. Shekara 3 kuna zuwa ƙarshen kowane wata muna ƙirga buhuna tare, kuna rubutawa a littafi. A lokacin ina jin zafi. Yau ina ganin wannan ƙirga ita ce katangar da ta tsare ni. Ina ganin majami'u da mutum zai tuba yau, gobe a ba shi makirufo yana yawon ba da shaida gari gari, jibi a ji ya faɗi, sai a ce dama hali zanen dutse. Laifin na waɗanda suka ɗora masa kaya tun ƙafarsa ba ta yi ƙwari ba ne. A 1 Timoti sura 3 an ce kada shugaba ya zama sabon tuba, an kuma ce a fara gwada masu hidima tukuna. Wanda ya rubuta wannan shi ne ya kira kansa babban mai zunubi a sura ta farko, yana gode wa Almasihu da ya amince da shi ya sa shi aiki. Na ji an ce ku ne kuka fara ambatar sunana da aka zo zaɓe. Allah ya ƙara muku lafiya, Baba.

Sai Baba Alhaji, mai injin. Zakka, mai karɓar harajin nan da ya tuba a gaban Yesu, ya yi alkawarin mayar da ninki huɗu, ni ko ninki ɗaya sai da na yi shekara 3 ina kaiwa kaɗan-kaɗan daga kuɗin walda. Ranar farko da na yi sallama a zaurensa ƙafafuna rawa suke. Ya karɓi kuɗin injin. Da na kawo maganar asarar tumatir, ya ɗaga hannu ya ce ya yafe duniya da lahira. Wannan surar ta Timoti ta ce dattijo ya kasance da kyakkyawar shaida a wurin waɗanda ba 'yan ikkilisiya ba, don haka kwamiti ya je wurinsa kafin zaɓe. Ban san abin da ya faɗa musu ba. Abin da na sani, ranar Asabar ya aiko da kwandon tumatir da buhun albasa daga wannan fadamar, da su aka yi miyar da kuka ci. Baba, Allah ya saka da alheri, ya albarkaci gonarku da zuriyarku.

Maman yara, kin aure ni lokacin da danginki ke cewa ki sake tunani. Na gode, na kuma gode wa surukaina da suka ba ni ke. Zumuntar Mata da suka kwana a bakin murhu, mawaƙa, matasa da suka kafa rumfa suka jera kujeru, 'yan'uwa daga majami'un maƙwabta, abokan sana'a Musulmi da Kirista da suka rufe shago suka zo, Allah ya mai da ku gida da albarka. Wanda ban ambata ba ya gafarce ni. Wanda kuma na taɓa cuta a wancan zamani ban zo wurinsa ba, don Allah ya neme ni, akwai abubuwan da ƙwaya ta shafe mini a kai.

Roƙo ɗaya nake da shi. Yanzu ina cikin masu shiga gidan gyaran hali ranar Asabar, kuma akwai samari biyu da za su fito kafin kaka. Ɗaya zan ɗauke shi a shagona. Ɗayan ɗinki yake so, ya fara koyo a ciki, hannunsa kuma yana da kyau. Ina neman telan da zai karɓe shi, ni zan tsaya masa, duk abin da ya ɓace a kaina. Mai niyya ya same ni bayan sujada ko a shago. Masu sabulu da gari da sukari kuma, a kai wa Zumuntar Mata kafin ranar Juma'a.