Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Neman Mutumin da Takardarsa Ta Ɓace

Makon jiya mun tsaya a lokacin da na fara bin ayarin lauyoyi masu aikin sa-kai zuwa gidajen yari. Wannan makon zan ajiye labarin kaina gefe, domin saƙonninku kusan duk tambaya ɗaya suke yi: ɗana ko mijina yana tsare, an ce jiran shari'a yake, ba mu da kuɗin lauya, ina za mu dosa? To bari in zayyana aikin yadda ake yin sa.

Sai an san yadda mutum ke ɓacewa kafin a san yadda za a nemo shi. An kama yaro bisa zargin fashi da makami ko kisan kai, an sa shi bayan kanta. Sashe na 35 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin awa 24 idan akwai kotun da ke da hurumi a tsakanin kilomita 40, in babu, cikin awa 48, sai dai wannan wa'adin bai shafi wanda ake zargi da laifin da hukuncinsa kisa ne ba, irin waɗannan biyun. Sai a rubuta FIR, wato takardar rahoton farko da 'yan sanda ke kai ƙara da ita, a kai shi gaban majistare. Shi kuwa majistare ba shi da hurumin sauraron irin waɗannan laifuffuka, ko tambayar "ka aikata ko ba ka aikata ba" ba zai yi masa ba. Abin da zai yi shi ne ya ba da ajiyarsa a gidan yari har Ma'aikatar Shari'a ta ba da shawara. Ma'aikatar kuma ba za ta ce komai ba sai 'yan sanda sun aika mata kwafin kundin bincike. A nan gizo ke saƙar. An yi wa ɗan sanda mai binciken canjin wurin aiki, ko ba a yi hoton takardun ba, ko an kai kundin amma babu shaidar wanda ya karɓa. Ran nan motar kai fursunoni kotu ba ta fita ba, ba a rubuta sabuwar rana a bayan waranti, wato takardar umarnin ajiyarsa, ba, shi ke nan, an daina kiran sunansa. Da irin wannan ne aka wayi gari kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen yarin Najeriya ba a yanke musu hukunci ba.

Saboda haka lauya ba daga kotu yake farawa ba, daga ofishin ajiye bayanai na gidan yari yake farawa. Abu huɗu yake nema a jikin warantin ajiya: sunan da aka rubuta, kotun da ta ba da ajiyar, lambar ƙara, da ranar ƙarshe da aka fita da shi. Sunan nan kada ku raina shi. Za ka ce wa uwa, "Iya, da wane suna aka rubuta shi?" Ta ce, "Barista, mu dai Babangida muke ce masa." A takarda kuwa an rubuta sunan yanka da sunan ƙauyensu, ko laƙabin da abokai ke kiransa da shi, da rubutun wanda bai ji Hausa ba. Gandiroba ya duba littafi ya ce babu mai wannan suna, alhali yaron yana cikin gidan. Ku riƙa zuwa da dukkan sunayensa, da ranar kamu, da sunan caji ofis ɗin farko, ko da an wuce da shi wani wuri daga baya.

Daga nan sai wajen rajistaran kotu, a nemi kwafin FIR da na zaman kotu masu hatimi. Sai Ma'aikatar Shari'a, sai 'yan sanda. Kowane wuri da wasiƙa ake zuwa, kwafi biyu, a buga wa ɗaya hatimin karɓa da kwanan wata ka dawo da ita. Maganar baki a wannan aiki ba ta da amfani, wasiƙa mai hatimi ita za ka nuna wa alƙali gobe.

Abin da ake tararwa bai cika wuce uku ba. Wani lokaci shawarar ta daɗe da fitowa, ta ce babu hujjar tuhumar sa, amma tana kwance cikin fayil ba ta isa kotu ba. Wannan ya fi kowanne ciwo, kuma ya fi kowanne sauƙi: ka ɗauko ta, a sa rana, a kawo shi, a sallame shi. Wani lokaci ta ce laifin bai kai fashi ba, sata ce, wadda majistare zai iya saurara ya ba da beli. Na uku shi ne babu kundin gaba ɗaya.

Idan na ukun ne, sai doka ta yi aiki. Dokar gudanar da shari'ar laifuffuka ta tarayya ta 2015 ta ƙayyade ajiya: kwana 14, a iya ƙara wasu 14 in an kawo dalili a rubuce, bayan haka sai hukuma ta zo ta faɗi abin da zai hana a sake shi. Jihohi suna da tasu, Kano ta yi tata a 2019, kuma lambobin sassa da adadin kwanaki sukan bambanta, don haka lauya ya buɗe ta jiharsa kafin ya rubuta komai. Beli a laifin da hukuncinsa kisa ne sai Babbar Kotu, kuma sai da dalili na musamman. Dokar tarayya ta ambaci rashin lafiya wanda likitan asibitin gwamnati ya tabbatar, da jinkirin bincike ko gurfanarwa da ya haura shekara guda. Ana haɗa takardar roƙo, da takardar rantsuwa ta ɗan'uwa, da hujjojin lauya a rubuce, da waɗancan kwafe-kwafe masu hatimi, a kai wa lauyoyin gwamnati nasu. Inda ake yawan faɗuwa shi ne takardar rantsuwa: dangi su ɓoye wa lauya cewa an taɓa kama yaron, lauyan gwamnati ya fito da maganar a gaban alƙali, aikin wata biyu ya rushe. Akwai kuma ƙarar neman haƙƙin ɗan'adam ƙarƙashin ƙa'idojin 2009, da ziyarar da Babban Jojin jiha kan kai gidajen yari, inda yake da ikon sakin wanda zamansa ya wuce ƙa'ida. Lauya mai lura yakan shirya jerin sunaye tun kafin a sanar da ranar ziyarar.

An ba da beli, sai kuma a rasa mai tsayawa. Wannan ma ina ganin ya fi rashin lauya tsare talaka. In an ce sai ma'aikacin gwamnati mai mataki kaza ko mai takardar fili a cikin gari, kuma babu, ana komawa kotu a roƙi sassauci. Mace ma tana iya tsayawa, dokar 2015 ta faɗa ƙarara, ko da wani a bakin kanta ya ce muku ba ta iya. Masu zama gindin bishiyar kotu suna sana'ar tsayawa beli kuwa, ku yi nesa da su. Ranar da aka gano takardunsu na bogi ne, belin zai tafi da su.

Wuraren da za ku nufa: Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1976, tana da ofis a babban birnin kowace jiha, kuma dokarta ta 2011 ta sa ma'auni shi ne wanda samunsa bai wuce mafi ƙarancin albashi ba, wato naira 70,000 tun 2024. Sai reshen ƙungiyar lauyoyi ta NBA na garinku, da ƙungiyar mata lauyoyi ta FIDA, da ɗakunan agajin shari'a na ɗaliban lauya a jami'o'i irin su Bayero da Ahmadu Bello. Amma a fahimci kalmar "kyauta". Ladan lauya ne aka yafe. Hoton takardu, kuɗin rantsuwa da na mota suna nan, ku tambaya tun ranar farko wa zai ɗauka, kuma duk abin da kuka biya a rajista ku karɓi rasit. Ku kuma san sunan lauyan da fayil ɗin ke hannunsa, domin akwai manyan da kan karɓi irin wannan ƙara saboda ana ƙirga ta wajen neman muƙamin SAN, wato lambar girma ta manyan lauyoyin Najeriya, su miƙa wa ƙaramin lauyan da bai taɓa ganin fuskar yaron ba.

Ranar saki, kada a fara guɗa a harabar kotu. Takardar saki sai ta isa gidan yari kafin a rufe ɗakuna da yamma, in ranar Juma'a ce aka makara, sai Litinin. A kuma duba tun da wuri ko akwai wani waranti na biyu daga wata kotun, domin takarda ɗaya ƙara ɗaya take warwarewa. Mai zuwa ɗaukar sa ya taho da riga, da silifa, da kuɗin mota, don kayan da aka kama shi da su shekara uku baya ba lallai su shige shi ba.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu shiga batun waɗanda tarar 'yan dubbai ta riƙe a gidan yari, da dalilin da ya sa biyan tarar kaɗai ba ya fitar da wanda aka ɗora wa biyan mai ƙara diyya.