Ƙwayoyin ƙarfe masu ɗaukar maganin ciwon daji: yadda muke haɗa su

Abin da muke nema a ɗakin gwajinmu a Kano ƙwaya ce ta magnetait, wani sinadarin ƙarfe da maganaɗisu ke ja, mai faɗin nanomita 10 ko kusa da haka (nanomita miliyan ɗaya ne milimita guda), wadda za ta duhunta hoton MRI, wato hoton cikin jiki da ake ɗauka da maganaɗisu, a inda ta taru, ta kuma ɗauki maganin ciwon daji mai suna doksorubisin a bayanta.

Muna narka gishirin ƙarfe iri biyu, giram 2.70 na FeCl3·6H2O da giram 0.99 na FeCl2·4H2O a mililita 100 na tataccen ruwa, wato kashi biyu da ɗaya a lissafin mol (yawan ƙwayoyin sinadari), ba a nauyi ba. Kafin nan sai an busa wa ruwan naitirojin na rabin awa, don korar oksijin. A kai zafi digiri 80, a zuba amoniya mai ƙarfin kashi 25, mililita 10, ana juyawa da ƙarfi har pH, ma'aunin tsami da kanwa na ruwa, ya haura 10. Nan take ya kamata ruwan ya koma baƙi wuluk. In ya yi ruwan ƙasa, iska ta shiga. Sau da yawa ma tun daga kwalba ne: FeCl2 mai kyau kore ne, wanda ya fara launin tsatsa ba ya ba da lissafi daidai. Da damina kuwa FeCl3 kan sha raɓa, awo ya yi ƙarya. Ba ma farawa sai janareto na kunne, domin in injin juyawa ya tsaya minti biyu, girman ƙwayoyin ya bambanta ke nan.

Sai wanki da maganaɗisu, a lulluɓe ƙwayoyin da sitirik asid don su riƙa ture juna.

Wajen ɗora maganin, a nan aikin yake. Lulluɓin cajinsa negatif ne, na doksorubisin fozitif, shi ya sa suke mannewa. Amma duk maganin da ya hau yana rage cajin da ke raba ƙwayoyin. Wanda ya yi haɗamar lodi, da safe zai tarar sun dunƙule sun kwanta a gindin kwalba, kuma dunƙulalliyar ƙwaya in ta shiga jiki hanta da saifa ne ke kwashe ta. Mu dai gara lodi kaɗan da zeta, wato awon cajin bayan ƙwaya, ta tsaya wajen -30 mV. Ana haɗawa a duhu, haske na lalata maganin, a auna ragowarsa da bai hau ba da haske mai tsawon zango nanomita 480.

Gwajin sakin magani a pH 7.4 da 5.5 muke yi; a mai tsamin ya fi fita. Lokacin hunturu kuma a tace duk ruwa da matacin maikuron 0.22 kafin awon girma, don ƙura ɗaya tak kan sa na'ura ta ba da ɗaruruwan nanomita.