Na je Obudu, sanyi ya koya min hankali

Jama'a duk wanda yake ganin kudu zafi ne da gumi kawai to wallahi bai hau dutsen Obudu ba. Mu ta Makurdi muka bi, Gboko, Vandeikya, sai garin Obudu a jihar Kuros Riba, amma fa garin daban wurin shaƙatawar daban, sai ka ƙara tafiyar kusan kilomita 60 cikin ƙaramar hukumar Obanliku kafin ka iso gindin dutsen.

To daga nan ne ake yin ta. Titin lanƙwasa kan lanƙwasa ne, sun fi 20, gefe ɗaya dutse gefe ɗaya rami, direbanmu mai surutu kansa sai da ya kashe rediyo ya yi tsit, wata hajiya a bayana kuwa salati take tun daga ƙasa har sama. Akwai ɗan akwatin nan mai tafiya a jikin waya a sama don kai mutane kan dutsen da aka kafa a 2005 zamanin gwamna Donald Duke, tsawon wayar kilomita 4, ni dai na ce a bar ni a mota.

Sama ɗin ya haura mita 1,500, kuma hazo ne ke mulki, kana tsaye kana kallon tuddai koraye shar har wajen iyakar Kamaru, kafin ka ciro waya ka ɗauki hoto gajimare ya rufe komai, wanda ke gabanka ma da ƙyar kake ganinsa. Asalin wurin gonar kiwon shanu ce da wani Bature ɗan Sikotland ya fara a 1951, saboda ciyawa ga ta nan kuma ƙudan tsando ba ya son sanyin, shi ya sa har yau mutane ke ce masa ranch.

Ɗakunan baƙi suna da kyau ba laifi, amma ni abin da ya fi burge ni ƙauyen mutanen Becheve ne da ke zaune a kan dutsen tun kafin zuwan Bature. Yara na tafiya makaranta cikin hazo ko a jikinsu, mata na sayar da ayaba da zuma a bakin hanya, zumar nan kam sai da na sayo kwalba, a ce mutum ya zo har nan ya kulle kansa a ɗaki yana kallon talabijin ai asara ce. Mun shiga kurminsu inda aka rataya gadar igiya tsakanin dogayen bishiyoyi, tana lilo ƙafata na rawa, ƙasa kuma ƙarar ruwa kawai kake ji.

Wahalar ɗaya ce, alwalar asuba. Ruwan kamar daga firji aka ciro shi, sai da na roƙi a dafa min a buta. In za ku je ku tafi da rigar sanyi mai kauri da safa, takalmi kuma mai kama ƙasa don ciyawar akwai santsi, musamman da damina.