Yadda na mayar da abokina ɓarawo cikin minti bakwai

A shekarata ta biyu a makarantar koyon fim aka ba mu aikin gajeren fim: mutum huɗu-huɗu, mako uku, kuma kada fim ya wuce minti bakwai. Ni na rubuta labarin, ni na ba da umarni. Labarin wani saurayi ne da ya fizge wayar wata mata ya arce, dare ya yi masa, nadama ta kama shi. A lokacin ji nake babu wanda ya taɓa tunanin irin wannan labari.

Wanda ya hau matsayin jarumi abokina ne, ɗan ajinmu. Dogo ne, ba shi da yawan magana, amma in dariya ta kama shi sai ya yi ta yi har tari ya sarƙe shi. Shi yake gyara mana kwamfuta in ta ƙi tashi ana gobe za a miƙa aiki. Kullum yakan makara lacca ta farko saboda sai ya kai ƙaninsa makaranta tukuna. Duk wannan na sani, ban sa ko ɗaya a fim ɗin ba. Rigar sanyi mai hula na ba shi, na ce ya ja hular har goshi. Na sa mai kyamara ya durƙusa ya ɗauko shi daga ƙasa don ya yi girma ya cika ido. Fitila ɗaya muka kunna daga gefe, rabin fuskarsa ya nutse cikin duhu. Maganarsa a fim ɗin gaba ɗaya layi uku ce, biyu daga ciki zagi ne.

Ranar da aka haska fina-finan ajin na gane ba ni kaɗai ba ne. In ka cire biyu, duk samari ne a tsakiyar labarin, kuma kamar uwa ɗaya ta haife su. Akwai mai wuƙa a ƙugu. Akwai mai haɗiyar ƙwaya a bayan gini. Sai na ukun, wanda ƙararrawar agogo ke tashe shi, ya je gaban madubi ya tsura wa kansa ido, ya wanke fuska, ya koma ya zauna bakin gado bai ce uffan ba har fim ya ƙare. (Duk wanda ya taɓa zama kallon fina-finan ɗalibai ya san madubin nan. Ina jin ya fi kowane ɗan wasa samun aiki.) 'Yan matan kuwa, wadda ba a tsoratar ba tana kuka ne.

Da aka kunna fitila malaminmu ya nuna allon ya ce, "Wa ya san yaron nan?" Aji ya kwashe da dariya, ga shi nan zaune a layi na biyu. Malam ya ce, "Ba wanda ke zaune nake tambaya ba. Na cikin fim ɗin. Mene ne sunan mahaifiyarsa? Me yake ba shi dariya?" Na ce, "Malam, ai minti bakwai aka ba mu." Ya ce to, ya kira ƙungiya ta gaba. Haushi na kwana da shi.

Uzurin nawa yana da ɗan gaskiya, kuma har yau ina kare ɗalibai a kansa. Makon farko ake cusa maka cewa labari ba ya tafiya sai da rikici, kuma rikicin da ya fi arha shi ne naushi. Hira kuwa tsada gare ta: tana buƙatar makirfo mai kyau, wurin da babu hayaniya, da ɗan wasan da zai yi magana ba kamar mai biya hadda ba. Ɗalibi ba shi da ko ɗaya. Saurayin da ya murtuke fuska ya yi shiru ba ya buƙatar komai, sai ka shimfiɗa masa kiɗa mai nauyi a ƙasa. Sannan su wa za ka samu su yi maka wasa kyauta? 'Yan ajinku, 'yan shekara ashirin da ɗoriya. Shi ya sa ko ta ina ka juya, saurayi ne.

Abin da uzurin bai rufe ba shi ne dalilin da ya sa saurayin ya zama wannan saurayin. Mu ne fa samarin. Da su muke kwana muke tashi, mun san yadda suke roƙon juna caja, yadda suke ɓoye tsoron jarrabawa cikin barkwanci, yadda muryarsu ke laushi in babba ya kira su a waya. Amma da aka danƙa mana kyamara sai muka rufe ido ga na kusa, muka kwaikwayi wanda muka gani a allo. Abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba, in ji masu magana, to mu abin da ke gaban hancinmu ma ba mu gani ba.

Daga baya na ci karo da aikin Stanley Cohen, masanin zamantakewa da ya yi nazari a 1972 kan yadda jaridun Ingila suka kambama faɗan da wasu gungun matasa suka yi a garuruwan bakin teku irin su Clacton da Brighton a 1964, har matasan suka zama dodon da ake tsorata jama'a da shi. Can dai manya ne suka yi wa yara fenti. Mu da hannunmu muka shafa wa kanmu, ko sisi ba a biya mu ba, har muna jiran maki.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne gwajin Lev Kuleshov, ɗaya daga malaman makarantar fim ta Mosko da aka kafa a 1919. Ya ɗauki hoton fuskar wani ɗan wasa da babu wani yanayi a kanta, ya haɗa da kwanon miya, sannan da gawar yarinya a akwati, sannan da wata mace a kishingiɗe. Fuskar ɗaya ce ba ta canja ba, amma masu kallo suka ga yunwa a wuri na farko, baƙin ciki a na biyu, sha'awa a na uku. Na ci wannan a jarrabawa tun a shekarar farko. Ban fahimce shi ba sai ranar da na koma kan hotunan fim ɗina don in share su, kwamfutar ta cika.

A ciki akwai wani guntu da mai kyamara ya manta bai kashe ba. Abokina yana tsaye a inda muka ajiye shi, hular na kansa, fitilar na gefensa, fuskar nan a ɗaure. Sai wayarsa ta yi ƙara. Ya ɗauka ya ce, "Na'am, Mama." Ya juya mana baya, ya rage murya, yana cewa ya sha maganin, wallahi ya sha, zai dawo kafin dare ya yi nisa. Ya kashe, ya juyo, ya mayar da fuskar ɓarawon yadda take. Na ɗauko hoton fuskarsa da na buɗe fim da shi, wanda kowa ya ce abin tsoro ne, na ajiye shi bayan wannan wayar. Ban taɓa haske ba, ban taɓa launi ba. Sai ga yaro da ya gaji, yana so a sallame shi ya tafi gida.

Kada a ce ina so a daina fim kan ɓarayi ko masu kisa. Suna nan, kuma yawancinsu maza ne: binciken ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi da laifuka na 2019 ya nuna kusan kashi 90 cikin ɗari na waɗanda ake zargi da kisan kai a duniya maza ne. Wannan binciken dai ya ce kusan kashi 80 cikin ɗari na waɗanda ake kashewa su ma maza ne. Fina-finanmu sun riƙe lissafin farko gam, na biyun ko oho. A cikin duk abin da ajinmu ya haska babu saurayin da ya ji tsoro, alhali kowannenmu ya san yadda ake sauya hanya da dare in an hango wasu a tsaye.

Akwai kuma masu gyaran gangar auzinawa. Ɗalibi ya ji an soki irin wannan fim, sai ya kawo saurayi waliyyi, mai ladabi, mai karatu a ƙarƙashin fitilar titi, ba ya fushi ba ya ƙarya. Shi ma babu wanda ya san shi.

Yanzu ɗalibai kan kawo mini labarinsu in duba, kuma na tsinci kaina ina maimaita tambayar da ta ba ni haushi. Nakan ƙara da tawa: me yake yi da rana kafin dare ya yi? Wani ya yi shiru, wani ya ce ai ba ya cikin labarin. Wata ɗaliba ta ce nata yana tsoron allura, ta yi dariya, sai ta tsaya, ta jawo biro. Ɓarawonta bai daina sata ba, amma yanzu akwai wurin da yake zaune a asibiti ya kau da kai ya runtse ido, kuma daga nan kallon satar ya fi ciwo.

Na nuna wa abokina sabon haɗin bayan mun gama makaranta. Ya kalla sau biyu, ya yi dariyar nan tasa har tari ya zo, ya ce ashe haka muryarsa take in yana magana da ita. Fim ɗin da muka yi mako uku muna wahala a kansa bai taɓa neman kwafinsa ba. Wannan guntun na daƙiƙa arba'in ya ce in tura masa, zai nuna wa Mama.