Tsohon da ya doke ni da bugun rufi

Ranar Asabar da ta wuce na tsaya a bayan ɗakin sikwash, wasan buga ƙaramar ƙwallo a bango da raket, a nan Jos, ina kallon samari biyu suna wasa. Ɗaya daga cikinsu dogo ne, ƙaƙƙarfa, duk ƙwallon da ta zo masa sai ya zage ya maka mata kamar mai faskare. Tabaran kariyarsa kuwa yana rataye a wuya. Na daɗe ina kallonsa, domin kaina na gani shekara goma sha wani abu da suka wuce. Shi ya sa na zauna na rubuto muku wannan, ƙannena masu riƙe raket.

A Gangare na tashi, kuma a garin nan na koyi sikwash. Waɗanda suka buga da sassafe a lokacin hunturu sun san yadda ƙwallon take zama kamar dutse, sai ka yi ta dukanta a bango kafin ta ɗau zafi ta fara tashi. Jos tana kan tudu, wajen mita 1,200 daga doron teku, saboda haka duk wanda ya saba gudu a nan, in ya sauka ƙasa numfashinsa ba ya saurin ƙarewa. Da wannan numfashi da ƙarfin damtse na tafi karatu Amurka, ina jin babu mai ja da ni a cikin ɗaki mai bango huɗu.

A can na tarar da raketbol. Wani Ba'amurke mai suna Joe Sobek ne ya ƙirƙiro shi a 1950 a jihar Konetikat. Da ka leƙa sai ka ce sikwash ne, amma ba shi ba ne. Ɗakin ya fi tsawo: ƙafa 40, faɗi ƙafa 20, tsayi ƙafa 20. Raket ɗin gajere ne, ba ya wuce inci 22, kuma dole ka ɗaure igiyarsa a wuyan hannu. Ƙwallon ta fi ta sikwash girma, ga ta da tsalle tun bugun farko, ba ta jiran a ɗumama ta. Babu farantin ƙarfen nan na ƙasan bangon gaba da ba a yarda ƙwallo ta taɓa a sikwash, wato kana iya bugawa dab da ƙasa. Rufin ɗakin ma cikin filin wasa yake. Wannan na ƙarshen na ji shi, na yi dariya, na wuce. Me zan nema a rufi?

Na yi wata biyu ina lallasa ɗalibai 'yan'uwana, kaina ya ƙara kumbura. Sai aka shirya wata ƙaramar gasa ta maza, ta ɗai-ɗai, aka haɗa ni da wani dattijo mai furfura, ya kai shekara 60, gwiwarsa ɗaya a naɗe. Wallahi kunyar buga masa da ƙarfi na fara ji. Da aka fara, duk sanda na narka ƙwallo, sai ta daki bangon gaba, ta wuce ta daki na baya, ta dawo tsakiyar ɗaki inda yake tsaye yana jiranta, ya sa mata hannu a hankali ta mutu a lungu. In kuma ya ga na matso gaba, sai ya ɗaga ta sama ta taɓa rufi, ta sauko bangon gaba, ta yi tsalle ta bi ta saman kaina ta faɗa can ƙuryar baya ta hagu. In ruga baya, in bugo a hagunce ba daidai ba, ya kashe. Haka ya yi ta kai ni yana dawo da ni. A lokacin zagaye ɗaya maki 15 ne, kuma mai riƙe da bugun farko kaɗai ke samun maki. Zagaye biyu muka yi, ban haɗa maki 10 a jimla ba. Rigata ta jiƙe sharkaf, shi ko goshinsa bai yi gumi ba.

Rashin nasarar ba ita ce ta fi damuna yau ba. Da muka fito, dattijon ya dafa kafaɗata ya ce ina da ƙafa da numfashi, in ina so in zo ranar Talata ya nuna mini bugun rufi. Na yi masa godiyar fatar baki, ban je ba. Raina ne ya ɓaci, na ce wa kaina wayo ya yi mini, ba wasa ya fi ni ba. Shekara guda cur na ɓata ina ƙara ƙarfin bugu, ina ɗaga ƙarfe, ina sayen raket mai tsada, alhali abin da nake nema an miƙo mini shi kyauta na ƙi karɓa. A gida an koya mana cewa abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba. Na san maganar, a ɗakin wasa ne na ajiye ta a ƙofa.

Sai da na fara bin gasar duniya na gane cewa abin da na kira wayo shi ne wasan. Hukumar raketbol ta duniya ta fara shirya gasar a 1981 a Santa Kilara, jihar Kalifoniya. A ɓangaren maza na ɗai-ɗai, Rocky Carson na Amurka ya ɗauki kambun sau biyar a jere: 2008 a Ailan, 2010 a Koriya ta Kudu, 2012 a Jamhuriyar Dominika, 2014 a Kanada, sai 2016 a Kali ta ƙasar Kolombiya, yana da shekara 37. Ku nemi bidiyon wasanninsa ku kalla, amma kada ku bi ƙwallo da ido, ku bi ƙafafunsa. Yana bugawa sai ya koma tsakiya. In ƙwallo ta zo masa a sama, ba ya gaggawar kashewa, sai ya mayar da ita rufi, ya sake mayarwa, har abokin karawa ya gaji ya ba shi mai sauƙi. Akwai waɗanda suka fi shi ƙarfin bugu a waɗannan shekaru, amma shi ya riƙa komawa gida da zinare. Daga 2022 hukumar ta koma tsarin da kowane musayar bugu ke kawo maki, ko wa ya fara. Wato yanzu duk bugun gangancin da ka yi, kai tsaye maki ne ka ba abokin karawarka.

Wasan ɗai-ɗai ba shi da wurin ɓuya. A ƙwallon ƙafa kana iya cewa mai tsaron gida ne, ko ba a ba ka fas ba. Nan kuwa an rufe ƙofa, ku biyu ne. Ni da na rasa wanda zan ɗora wa laifi, sai na koma kan alƙalin wasa, yau in ce an tare mini hanya, gobe in ce ƙwallon ta taɓa ƙasa sau biyu. Duk maki ɗaya da na yi gardama a kansa, sai na zubar da uku a bayansa, don hankalina yana can.

Sai maganar ido, wadda ita ce ta sa na kasa yin shiru ranar Asabar. A gasar raketbol ba a barin kowa ya shiga ba tabaran kariya. Amma a wajen atisaye ba mai tsare ka, ni kuma nawa yana yin hazo in na yi gumi, sai in cire. Wata rana da yamma ina gaba, abokin wasana yana bayana, na juya fuska gaba ɗaya don in ga inda zai buga. Bugun ƙwararru yana wuce gudun kilomita 240 a awa. Nasa bai kai haka ba, amma ya isa. Ƙwallon roba ce, in ta daki fuska takan lotse ta shige ramin ido, ƙashin gira ba ya tare ta. Jini ya taru a gaban idona na dama. Na yi kwanaki a kwance kaina a ɗage, an hana ni sunkuyawa, sallah ma da ishara nake yi. Likita ya ce irin wannan rauni yana iya jawo hawan matsin ido ko bayan shekaru, shi ya sa har yau nake zuwa awo. Ganin idon bai koma yadda yake ba. Ban faɗa wa mahaifiyata ba sai da na dawo gida, kuma kukan da ta yi ya fi mini ciwon zafi.

Ƙwallon sikwash ta fi ta raketbol ƙanƙanta, ta fi sauƙin shiga ramin ido. Shi ya sa dokar sikwash ta duniya ta wajabta tabarau ga 'yan ƙasa da shekara 19 da masu wasan bibbiyu. Tabaran karatu ko na rana ba ya wadatarwa, yana ma iya fashewa ya ƙara ɓarna. Ku nemi wanda aka yi don wasan. In yana hazo, ku ɗaura ƙyalle a goshi ya tare gumi, ku goge shi tsakanin maki.

Ban rubuta wannan don in sare muku gwiwa ba. A 2022, a San Luwis Potosi ta Meziko, Conrrado Moscoso ya zama zakaran raketbol na duniya, ɗan Bolibiya, daga Sukure, garin da ke kan tsauni sama da ninki biyu na tudun Jos.  Sikwash ɗin da kuke bugawa kuma zai shiga wasannin Olamfik a karon farko a 2028 a Los Anjeles. Numfashin kuna da shi, tudun nan ya ba ku.

Da suka gama wasa na kira dogon saurayin nan gefe. Ya gaishe ni da ladabi, ya ce, "Yaya, na yi kuskure ne?" Na nuna masa idona na dama, na ba shi labarin a taƙaice, ya ɗaga tabaran daga wuya ya sa. Sannan na ce in yana so, ya zo Asabar mai zuwa da ƙarfe 7 na safe, mu yi awa ɗaya ba mu buga komai ba sai ƙwallo mai tsawo a jikin bango, yana bugawa yana komawa tsakiya. Ya ce in sha Allahu zai zo. Zan riga shi zuwa, in ɗumama ƙwallon.