Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Shekarar Bushiya

Makon jiya na tsaya a inda aka turo ni ƙasar Gumel a matsayin malamin dabbobi. Ranar da zan bar gida Baffa ya riƙe hannuna ya ce, "Ka tambayi Bafulatani lafiyar shanunsa, kada ka tambaye shi yawansu." Ban ɗauki maganar da nauyi ba a lokacin.

An soke jangali, wato harajin shanu, tun kafin in fara aiki, amma tsoronsa bai fita daga rugage ba. Duk wanda ya zo da biro da takarda, mai ƙidayar haraji ne a wurinsu. Wata shida ina zuwa rugar Arɗo a kan keke, ba allura ba littafi. In gaishe shi, in sha fura da nono, in duba ɗan maraƙi mai zawo. Ranar Alhamis mu haɗu a kara a kasuwar Maigatari. A haka ya fara ce mini "ɗana".

Sai 1983 bushiya, cutar nan mai kashe shanu, ta faɗo. Wanda bai ga wannan annoba ba ya gode wa Allah. Saniya tana hawaye, baki ya yi gyambo, zawo ya ƙarasa ta cikin kwanaki. Allurar rigakafin daga cibiyar binciken dabbobi ta Vom, kusa da Jos, take zuwa, dole a cikin ƙanƙara, in ta ji zafi ta tashi aiki. Da asuba muke yin ta. Arɗo da kansa ya bi rugage yana cewa a fito da shanu.

A nan wani likita da aka turo daga birni ya ɓata mini aikin shekara biyu. Ya tsaya a bakin garke yana ƙirgawa da ƙarfi, yana rubutawa. Na ce, "Ranka ya daɗe, bari in riƙe lissafin a zuci." Ya ce ni wane ne. Washegari ruga uku suka tashi cikin dare, ba allura. Rabin shanun nan ba su ga damina ba. Rahoto kuwa sunana aka sa, wai ban wayar musu da kai ba.

Da aka sanar a 2011 cewa bushiya ta ƙare a duniya, ina jin rediyo a zaure, maganar Baffa ce ta dawo mini, da fuskar likitan nan. Har yau ban huce ba.

Bayan abin da likitan nan ya yi, Arɗo bai yi mini magana ba sai bayan sallar layya, lokacin da ya aiko jikansa da ƙwaryar nono, wai karsana ta kasa haihuwa, in zo da sauri.