Laraba: ƙafar wata Hajiya a guruf ɗin ajinmu

Sai bayan sallar asuba na kunna data, saboda wutar da aka ɗauke tun jiya ba ta dawo ba sai tsakar dare. Saƙonni tuli guda a guruf ɗin aji na WhatsApp, amma wanda ya dame ni a cikinsu layi ɗaya ne tak: shugaban aji ya ce an ɗage darasin ƙarfe biyu zuwa gobe, kowa ya tsaya inda aka tura shi a asibiti har a tashi. Sauran addu'o'in safiya ne, da sitika, da tallan humra da turaren wuta na wata 'yar ajinmu, sai wata takarda da ake ta turowa wai tambayoyin jarrabawar Kansil ne suka fita, wato hukumar da ke ba mu ɗaliban jinya lasisin aiki. Da zarar watan Mayu ya matso sai irin takardun nan su fara yawo, ba mai sanin wanda ya fara sakinsu. Ban ɓata datata a kanta ba. Ko da gaske ce, ranar OSCE, wato jarrabawar gwajin aiki a aikace, da za a tsayar da ke gaban mai jarrabawa a ce sa wa majinyaci robar fitsari, babu takardar da za ta riƙe miki hannu.

A wannan makon ɗakin haihuwa aka tura ni. Wajen ƙarfe tara aka kawo wata yarinya daga ƙauye, cikin fari ne, ta yi jijjiga a gida, ta sake yi a cikin mota. Ƙafafunta a kumbure, jininta ya hau sosai. Kafin ka ce kwabo Sista mai kula da ɗakin ta sa an juyar da ita gefen hagu, an kira likita, ta haɗa magnesiyam salfet, maganin hana jijjiga: giram 4 ta jijiya a hankali, sai giram 5 a kowane ɓangare na mazaunai. Sannan ta juyo ta kalle ni.

"Ƙanwata, kafin a ba ta ta gaba nan da awa huɗu, me za ki duba?"

Na ce numfashinta kada ya gaza 16 a minti, fitsari kada ya gaza mil 30 a awa, kuma gwiwa ta harba idan an buga ta. Ta ce in maganin ya yi mata yawa fa? Na ce kalsiyam gulukonet, giram 1 ta jijiya. Ba ta yaba ba, Sista ba ta yabo, ta dai miƙo min takardar lura ta ce in zauna kusa da gadon.

Amsar nan daga guruf na samo ta. Akwai ta a littafi, an kuma koya mana a aji, amma da Turanci a guje. Makon jiya ne wata matar aure a ajinmu, wadda ta yi aiki a asibitin sha-ka-tafi na garinsu kafin ta dawo karatu, ta yi mana saƙon murya na 'yan mintoci da Hausa zalla, ana jin ɗanta yana kuka a bayanta. Ta bi abin daki-daki, har da dalilin da ya sa ake sa ido a kan fitsari: ƙoda ce ke fitar da maganin, in ta ja baya sai ya taru a jiki ya danne numfashi. Na saurare shi a adaidaita, na saurare shi ina wanke-wanke, ya zauna daram. Uwar yarinyar kuwa tana tsaye a bakin ƙofa, duk fitowar da na yi sai ta ce, "Likita, ya jikin nata?" Na ce, "Inna, ni ɗaliba ce, amma da sauƙi, ki ci gaba da addu'a." Ba ta fasa ce min likita ba.

Da muka fita sallar azahar na leƙa waya, na tarar ana musu a kan ƙarin ruwa. Wani da ke ɗakin maza ya tambaya: leda mai mil 500 za ta shiga cikin awa 6, ɗigo nawa a minti? Ɗaya ta ce 28, wani ya ce 21, wata da ke ɗakin yara ta ce 83. Kowa ya kafe a kan tasa, har an fara gori. Abin dariyar shi ne duk lissafinsu daidai ne, robar ce ta bambanta: wata ɗigo 20 ke ba da mil ɗaya, wata 15, ta yara kuma 60. Mai tambayar bai faɗi wacce ke hannunsa ba, masu amsar ma ba su tambaya ba. Na rubuta masa ya duba jikin ledar robar, sannan ya nuna wa nas ɗin da ke kansa kafin ya taɓa komai. Guruf yana da saurin amsa, amma ba shi ne zai sa hannu a fayil ba.

Babban abin ya faru ne bayan la'asar. Wani ɗan ajinmu da ke ɗakin tiyata na mata ya turo hoton gyambon ƙafar wata mai ciwon suga, ya rubuta a ƙasa cewa ga abin da malam ya yi mana bayani, a zo a gani. Na yarda ba da mugun nufi ya yi ba, yaro ne mai son karatu. Amma hoton bai tsaya a ƙafa ba. Ana ganin zaninta, da rabin fuskar 'yarta da ke jinyarta, kuma a gefen gado ga fayil a buɗe, sunan ya fito raɗau ga duk wanda ya zuƙo hoton.

Ba a yi minti biyar ba wata ta rubuto: "Innalillahi, ai wannan Hajiya ce ta layinmu."

Nan guruf ya kama da wuta. Wasu suka ce ya goge yanzun nan. Wasu suka ce meye a ciki, ai dukkanmu ɗaliban jinya ne, ilimi ake nema, littattafanmu ma cike suke da hotunan marasa lafiya. Wannan hujjar ce ta fi ba ni haushi, don tana kama da gaskiya. Ai a asibiti ma ba kowane mai farin kaya ke da hurumin buɗe kowane fayil ba, sai wanda ke kula da mai shi. Kuma wa ya ce iya mu ne a guruf? Wayar kowacce a cikinmu tana shiga hannun miji, da ƙanne masu neman wasa, da ƙawa mai son kallon hotunan biki. Kano da girmanta, in ka bi dangi da maƙwabta da 'yan islamiyya, da wuya ka rasa wanda ya san wani. Matar nan ta yaye ƙafarta ne don a wanke mata ciwo, wataƙila ko surukanta ba su san ya kai haka ba. Ga shi 'yar layinsu ta gani, kuma ba ta hanyar jinya ta gani ba.

Tun muna 'yan wata shidan farko, kafin a ɗora mana hula, aka karantar da mu riƙe sirrin majinyaci, muka kuma yi alkawari a gaban iyayenmu ranar bikin. Wani mai son doka a ajin ya tuna mana cewa Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana fitar da bayanan mara lafiya ba da izininsa ba, dokar kare bayanai ta 2023 kuma ta sa lafiyar mutum cikin bayanan da ake tsaurarawa a kansu. Gaskiyarsa. Ni dai ko ba doka, tambaya ɗaya na yi musu: in ƙafar mahaifiyarka ce, ka yarda?

Wanda ya turo hoton ya goge, ya ba da haƙuri. Sai dai gogewar ba ta kai ga wanda ya riga ya tura wa wani ko ya ɗauki hoton fuskar wayarsa, kuma an ce har an gan shi a guruf ɗin 'yan aji biyu. Shugaban aji ya rufe guruf, ya zama shi da mataimakiyarsa kaɗai ke iya magana, ya bi shugaban wancan ajin ya roƙa a cire. 'Yar layin Hajiyar ta kira ni muryarta na rawa, wai gobe da wane ido za ta gaishe da 'yar matar in sun haɗu a bakin famfo. Na ce ta gaishe ta kamar kullum, ta kuma kama bakinta ko a gida.

Kafin in baro asibiti an yi wa yarinyar ɗakinmu aiki, an ciro ɗa namiji, ƙarami amma yana kuka. Ba ta sake jijjiga ba. Za a ci gaba da allurar har awa 24 bayan haihuwar. Alhamdulillahi.

Da daddare muka ɗan taɓa hira a ƙaramin guruf ɗinmu na mata zalla, wanda aka buɗe saboda waɗanda mazajensu ba sa son ganin lambobin maza a waya. Can ne ake karo-karon data tun da aka ƙara kuɗinta a farkon 2025, can kuma ake tuna wa juna a kira mutum biyun da ke riƙe da ƙaramar waya a faɗa musu an ɗage darasi, don an sha barinsu su yi asarar kuɗin mota.

Ƙarfe goma shugaban aji ya buɗe babban guruf da ƙuri'a: a hana turo hoton majinyaci, ko fayil, ko takardar gwaji kwata-kwata, ko kuwa a bari in an rufe suna da fuska. Na zaɓi na farko, don na ga yadda ake gane mutum ta zani kawai. Masu ra'ayina suka yi rinjaye, aka maƙala dokar a sama. Mutum biyu suka yi fushi suka fice. Mataimakiya ta ce a bi su a ba su haƙuri, shugaban aji ya ce a ƙyale su, ranar da jadawalin jarrabawa zai fito da kansu za su nemi a mayar da su.